Bashin da Matattu Suke Binmu

A watan Nuwamba na 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka na rundunar Marin, waɗanda akan sauke daga jiragen ruwa su yi yaƙi a tudu, suka fāɗa wa Betio, wani ɗan tsibiri na Tarawa a tekun Pasifik. Cikin kwana 3 aka kashe musu mutum wajen 1,000. Saboda zafin rana aka binne su da gaggawa cikin dogayen ramuka. Daga baya masu aikin filin jirgin sama suka kawar da alamun kaburbura, makwancin mutane da yawa ya ɓace.

Laftanan Alexander Bonnyman yana cikinsu. Iyayensa suka yi ta nema har suka mutu. Sai a 2015 ƙungiyar History Flight ta tono ramin da yake kwance tare da abokansa fiye da 30. Haƙoransa masu zinariya suka shaida shi ne. A watan Satumba na shekarar aka binne shi kusa da iyayensa a Knoxville, kusan shekara 72 bayan mutuwarsa.

To, ƴan'uwa, wannan wahala ta cancanta? Wani zai ce ƙashi ba ya jin yunwa, gara a ciyar da marayu da kuɗin. Maganarsa tana da nauyi, gama hakkin mai rai ba ya jira.

Amma mu duba. Ƙasar da ta ɗauki ɗan mutane ta kai shi bakin daga ta ci bashi. Ba ta iya mayar da ransa, amma tana iya mayar da sunansa. Alkawari kaya ne. Muddin ba a san inda mutum yake kwance ba, makokin gidansu bai ƙare ba, har jikoki sukan gaji zaman jiran. Ashe aikin nan ma domin masu rai ake yinsa. Mun kuma san Yusufu ya rantsar da ƴan'uwansa a kan ƙasusuwansa, Musa ya fito da su daga Masar, aka binne su a Shekem. Jikin da Allah ya siffata ba shara ba ne.

Ga inda gwajin yake. A tsibirin nan Japanawa da leburorin Koriya, waɗanda aka kawo da tilas, fiye da 4,000 suka mutu. Su ma uwaye suka haife su. A 2023 aka mayar da ƙasusuwan ɗaya daga cikin leburorin gida, Koriya ta Kudu. Idan mai lambar yabo kaɗai muke nema, jaruntaka muke girmamawa, ba mutum ba. Lebura da laftanan, bashi ɗaya suke binmu: a kira kowa da sunansa, a nuna wa danginsa inda yake kwance.