Hawan Dutsen Kagoro: Kallo Ne Ko Yarda?



A watan jiya, bayan sallar Isha'i, wani dattijo daga cikinmu ya tsare ni a ƙofar masallaci ransa a ɓace. Ya ce, "Liman, ka ji abin da yaran nan ke shiryawa? Wai za su hau Dutsen Kagoro da abokan karatunsu, har su leƙa kogunan da mutanen can suke tsafi a da. Kuma an ce ɗanka ne ja-gaba." Ya nemi in tashi bayan Magariba in hana. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. To, ga amsata, gare shi da sauran iyayen da suka yi mini magana a shago.

Abin daga waya ya faro. Yaron ya nuna mini bidiyon mutane suna hawan duwatsun Himalaya a ƙasar Nefal, kwana da kwanaki a ƙafa, suna nufar gindin Eberes. A kan hanya akwai wani wuri da ake kira Tengboche, bisansa ya haura mita 3,800, inda mabiya addinin Buda suka gina gidan ibada. Matafiya kan tsaya, su tuɓe takalma, su shiga su ga masu jajayen mayafai suna karatunsu. Ya ce, "Baba, in Musulmi ya shiga nan, ya yi laifi?" Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa ai mu ma ga namu dutsen a bayan gida, ba mu taɓa hawa ba. Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Shekara hamsin da ɗoriya ina hangen dutsen nan kullum, ban taɓa sa ƙafa a kansa ba.

Tambayar a taƙaice ita ce: idan ƙafarka ta kai ka inda wani ke bauta ko ya taɓa bauta, idonka ya gani, shin zuciyarka ta yarda ke nan?

Abin da na karanta a gaban malamaina bai nuna haka ba. Alƙur'ani a wurare da dama ya umurce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda waɗanda suka gabata suka ƙare. Ba a duba abin da ba a je wurinsa ba. Sahabbai sun buɗe Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi, sun tarar da dala da gumakan Fir'aunoni, ga su nan tsaye har yau. A cikin Suratul An'ami an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Shi ya sa lokacin da 'yan Taliban suka fasa manyan gumakan Buda na Bamiyan a watan Maris na 2001, malaman Musulmi da yawa suka tsawata, har wasu suka yi takakkiya zuwa Afganistan don su hana.

Amma dattijon nan ba da ka ya yi magana ba, yana da madogara. A hanyar Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta Hijir, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya kuma hana su amfani da ruwan rijiyoyin wurin. Sai dai wannan wuri ne da nassi ya tabbatar azaba ta sauka a kansa. Wa ya ba ni ikon in ɗora wannan hukunci a kan dutsen maƙwabtana, waɗanda akasarinsu yanzu Kiristoci ne? Abin da na ɗauka daga hadisin shi ne yanayin shiga: ba a shiga kufan mutane ana shewa. A nan kuma yaranmu ne ke da gyara, don su abin da ke ransu hoto ne da za a sa a Facebook.

Ban so in yi fatawa a kan wurin da ban taka ba. Sai na nemi wani tsoho ɗan Kagoro da muka shekara ashirin ina sayen citta da acca a hannunsa, ya yarda ya raka ni da yaron ranar wata Asabar. Jama'a, hawan nan ba wasa ba ne. Dutsen ya haura mita 1,200, kusa da na Nefal kam jariri ne, amma gwiwata ta faɗa mini shekaruna. Sau huɗu ina zama ina haki, tsohon da ya girme ni yana tsaye yana jirana, yana cewa, "Malam, shayi da burodi sun cuce ku." Daga sama kuwa Kafanchan gaba ɗaya kamar a tafin hannu, ga layin dogon da ya kawo kakanninmu da yawa garin nan tun wajen 1927.

Ya yi mini bayanin bikin Afan da suke yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara, ya ce kalmar ma dutse take nufi a harshensu, kuma asalin bikin yana haɗe da ƙarshen girbi da buɗe farauta. Sannan ya kai mu bakin wani kogo mai ƙaramar ƙofa. Ya ce, "Nan kakanninmu mata ke ɓoye yara idan mahaya dawakai suka taso daga ƙasa neman bayi." Bai ce mahayanku ba. Amma ni da shi duk mun san daga wane ɓangare dawakan ke fitowa a zamanin da masarautun Jama'a da Zazzau ke kai hari cikin duwatsun nan.

Wallahi ban taɓa jin nauyin baki irin na wannan lokaci ba. Na hau ne ina tsoron kada dutsen ya taɓa mini aƙida, ashe abin da ke jirana a sama tarihi ne da ba a faɗa mana a zaure. Mu a unguwa muna riƙe da namu ciwon: wanda ya ga 1987, ya kuma ga 2011 da kasuwarmu ta ƙone, ba sai an tuna masa ba. Su ma ashe suna da nasu, kuma nasu yana da ƙofa da za a iya nuna wa yaro da yatsa. Ni ban kama kowa ba, kakana ma fatauci ya kawo shi. Duk da haka na ce masa, "Baba, abin da aka yi bai kyautu ba, Allah bai yarda da zalunci ba ko wa ya yi shi." Ya gyaɗa kai kawai, muka wuce. Yarona bai ɗauki hoto a wurin ba, kuma ba ni na hana shi ba.

Da Azahar ta yi sai na tuna labarin Sayyidina Umar a Ƙudus, da aka ce ya yi salla cikin coci ya ƙi, don kada Musulmi su zo daga baya su ce wurin nasu ne. Na tambayi tsohon inda ba a yin wata al'ada, ya nuna mana wani falalen dutse can gefe, ya koma nesa ya zauna har muka sallame.

Saboda haka ga inda na tsaya. Hawa halal ne, kallo halal ne, tambaya ma halal ce. Iyaka tana wurin aiki: ba a rusuna wa abin bauta, ba a sa hannu cikin yanka ko zuba abin sha don wani abin da ba Allah ba, ba a ɗauko dutse ko ƙasa don neman albarka. Tuɓe takalmi inda masu wuri suka ce a tuɓe ladabi ne, ba ibada ba. Inda suka ce baƙo ba ya shiga, kada a shiga, ko da kai a ganinka babu komai a ciki. Akwai abin da ni kaina nake ɗari-ɗari da shi: a Himalaya al'adarsu ce a kewaya ginin ibada ta hannu guda, wannan ya yi mini kama da ɗawafi, ni dai da zan je sai in wuce abina ba tare da kewayawa ba. Kuma kada a ce zama kusa da irin waɗannan wurare sabon abu ne ga Musulmi. A Lasa, babban birnin Tibet, akwai zangon fatake Musulmi 'yan asalin Kashmir tun ƙarni na 17, shugaban mabiya Buda na lokacin ne ya ba su filin masallaci da maƙabarta. Zango kamar namu, a ƙasar wasu.

Wani abin da ya kamata yaran su je su gani shi ne Nok, a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Wani kai da aka tono nan ƙasar Jama'a, a gonar doya aka kafa shi yana korar dabbobi kafin Bature Bernard Fagg ya gan shi, alhali ya haura shekara 2,000.

Na ce wa yaran su tafi, da sharaɗin ɗan gari ya ja su, a sanar da masu unguwar can tun kafin ranar, a sauko kafin La'asar, kuma duk ranar da gari ya ɗan yi zafi a fasa.

Saura magana ɗaya. Muna saukowa tsohon ya ce, "Malam, shekara nawa ina wuce masallacinku, ban taɓa ganin cikinsa ba. Ana barin irinmu?" Na ce masa Manzon Allah (SAW) ya karɓi baƙi Kiristocin Najran a masallacinsa na Madina. Ya ce, "Ba na Madina na tambaye ka ba." Na yi masa alkawarin kai maganar gaban kwamitin masallaci, kuma za mu zauna ranar Lahadi bayan La'asar in sha Allahu. Dattijon da ya tsare ni yana cikin kwamitin.