Akushin Mai-bi

Ya ɗan'uwa, kai da ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, wataƙila ka ji an ce babu abincin da ya ke ƙazantar da mutum a gaban Allah, gama daga zuciya mugunta ta ke fitowa. Gaskiya ne, haka Ubangijinmu ya koyar cikin Bisharar Markus, sura 7. Amma waɗansu da su ka ji wannan sai su ka ce, ashe Allah ba ruwansa da tukunya. Waɗannan sun ɓata. Jikin nan amana ne a hannunka, ba naka ba ne. Wanda aka ba shi ajiyar doki kuwa ba shi da ikon barinsa ya rame.

Bari mu duba yadda a ke rabon tuwo a gidaje da yawa. Ana fara zuba wa maigida, a tsamo masa tsoka. Uwargida, ko tana goyo, sai abin da ya ragu. Yaro ƙarami kuwa a ba shi kunu tsararo, ya lashi ƙanzo. Maigidan nan da maraice ya kan tsaya wurin mai-tsire, ya ci shi kaɗai, ya share baki kafin ya shiga gida. Ba ya sata, ba ya shan giya, ran Lahadi yana kan benci na gaba. Duk da haka ina tambaya, wannan ba zunubi ba ne? Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa domin a wurin jibin Ubangiji wani ya kan riga ya ƙoshi, ɗan'uwansa yana jin yunwa. Idan abin nan ya zama abin kunya cikin ikilisiya, ƙaƙa za ya zama daidai a tsakar gida?

Ga dalili. Babba ya rigaya ya gama girma, yaro kuwa yanzu a ke gininsa, cikinsa kuma ƙarami ne. A ƙasar Gana, wata likita mai-suna Sisili Wiliyams ta ga yara da ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja, fata tana saɓulewa. A 1935 ta sanar da duniya sunan da mutanen Ga su ke kiran cutar, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙanensa. Yaran nan ba mayu ne su ka kama su ba. Kunun masara zalla a ke ba su. Abin da za ya tsare ɗanka yana kusa da kai: nonon uwa kaɗai har wata 6, daga nan kunu mai-kauri da gyaɗa ko wake, da ganyen zogale, da miyar kuka mai-daddawa, da manja, wanda ya ke tsare ido daga dundumi. A ba shi ƙwai kuma. Masu-cewa ƙwai ya kan koya wa yaro sata, na lura ba su taɓa hana kansu ba.

Wani za ya ce, cuta da lafiya duka ƙaddara ce, mene ne amfanin wahala? Kakanninmu haka su ka ce game da kurkunu, wanda ya kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1988 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 da su ke fama da shi a Nijeriya. Ba a sami allura ko ƙwaya da ta ke kashe shi ba. Mutane dai su ka koyi tace ruwan tafki da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai-ciwon tsoma ƙafa inda a ke ɗiban ruwa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ya ƙare a ƙasar. Allah ne ya warkar, ba shakka. Amma ta hannun matan da su ka tace ruwa ya yi shi.

Ga mai-wadata kuma akwai nasa tarko. Isuwa ya sayar da gādonsa saboda akushi guda, har yau kuwa akwai masu-sayar da lafiyarsu saboda lemon kwalba da maiƙo da dunƙulen miya, su gamu da ciwon sukari da hawan jini. Gishirin da ya ishi babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ya ke cikin miya.

Yau da dare, kafin ka yi addu'ar godiya, ka wanke hannu da sabulu, ka sa a kawo kwanon ƙaraminku a ajiye kusa da naka, ka duba abin da ke cikin kowanne.