Gudummawar biki: kyauta ce ko bashi?

Finafinan barkwanci kan ba mu dariya da ƙawayen amarya masu rigima kan anko. Ni littafin gudummawa ne ke damuna. A bikin ƙanwata a Kusada, Yaya ta zauna bakin gado tana rubutawa: wance kwanuka, wance atamfa, aminiya daga Kankiya dubu biyar. Ran bikin aminiyar za a buɗe shafin a ninka mata.

Shin kyauta ce ko bashi? Aya ta 6 a Suratul Muddassir ta hana Annabi (SAW) bayarwa don neman ƙari, mu kuwa da shi muke koyi. Littafin yana raya zumunci, na yarda. Amma ƙawar da talauci ya hana ramawa, kada a soke sunanta.