Haƙƙin Bayani a Wuyan Mai Sana'a

Tambayar da ta cancanci ma'abota nazari su tsaya a kanta ita ce: shin wanda ya ƙera abu mai amfani, ya kyautata ƙirarsa, sa'an nan ya miƙa wa jama'a ba tare da ya bayyana yadda ake sarrafa shi ba, ya sauke amanar da ke wuyansa, ko kuwa da sauran hisabi? Mas'alar tsohuwa ce, amma ta sake kunno kai a cikin littattafan jagora da ake rubuta wa masu haɗa manhajojin waya da kwamfuta.

Duk mai riƙe da waya ya ga yadda shafi kan taso da sauri idan an taɓa shi, sa'an nan ya sassauta kafin ya tsaya. Wannan sassautawa kuwa, wadda ido ke karɓa cikin natsuwa, lissafi ne tsantsa, wanda akasari ake gina shi a kan lanƙwasar da Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault na Faransa, ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota a shekarun 1960. A ƙa'idar CSS, wadda ake tsara kamannin shafukan intanet da ita, lambobi huɗu ne ke ɗauke da wannan lanƙwasa, waɗanda ake bi idan mutum bai zaɓi wasu ba su ne 0.25, 0.1, 0.25 da 1. Ta farko da ta uku na lokaci ne, ba sa fita daga tsakanin 0 da 1. Ta biyu da ta huɗu kuwa an halatta musu su ƙetare, kuma idan sun ƙetare sai abin ya zarce matsayarsa ya dawo. To, ɗalibin da ya buɗe jagora ya tarar da suna da lambobi kurum, babu zane, babu misali, babu faɗin inda kowace ta dace, ina zai samo wannan fahimta, in ba ta hanyar lalube da ɓata dare ba?

Malaman fiƙihu sun riga mu sanin wannan ciwo da maganinsa. Muhtasar na Shaihu Halilu, duk da girman darajarsa a mazhabar Malikiyya, ya taƙaita lafazi har ya zamana mai farawa ba ya iya shigarsa shi kaɗai, shi ya sa Shaihu Dardiri ya yi masa sharhi, Dasuƙi kuma ya ɗora hashiya a kan sharhin, kuma babu wanda ya ɗauki aikinsu ƙasƙantacce, domin ilimin da aka tsare lafazinsa aka bar ma'anarsa a kulle bai yi nisa da ilimin da aka ɓoye ba, alhali ɓoye ilimi abu ne da shari'a ta tsananta gargaɗi a kansa. Masu Flutter, wani kayan aikin haɗa manhajoji, sun kama tafarkin masu sharhi, da suka sanya ɗan hoto mai motsi a gefen sunayen lanƙwasoshinsu, mai karatu ya ga ma'ana da idonsa.

Wani zai ce mai ƙira ba shi da sukuni, sau da yawa ma aikin sa-kai yake yi. Uzurin abin dubawa ne, sai dai ba ya kawar da cutarwa, domin akwai bayin Allah da motsi mai yawa a fuskar waya ke sa su jiri da tashin zuciya, an kuma tanadi hanyar da manhaja za ta rage musu shi. Jagoran da ya yi shiru a kan wannan yana da kaso a cikin wahalarsu.

Saboda haka, ya kai mai wannan sana'a, kada ka ƙidaya aikinka a kammalalle sai ka rubuta abin da kowace lamba ke yi, da inda ta dace, da wanda za ta iya cutarwa. Bayani rukuni ne na aikin, wanda ya bar shi kuwa ya bar bashi a wuyansa.