Amana a Bayan Kanta

Ana iya neman cikakkiyar amana daga mutumin da ba a ba shi tabbacin gobensa ba? Wannan tambaya ta shafi ma'aikata da yawa, amma babu wanda ta fi dacewa da shi kamar kashiyan banki, wato wanda ke zaune bayan kanta yana karɓar kuɗin jama'a yana kuma biyansu.

Mu ɗauki Fadan Kagoma, hedikwatar masarautar Gwong a Ƙaramar Hukumar Jama'a. Ƙasa ce ta manoman citta. Idan kaka ta yi, 'yan kasuwa suka kwashe buhuna, manomi kan nufi Kafanchan, inda manyan bankunan yankin suka taru, ya miƙa gumin shekara guda ga wani saurayi ko budurwa da ke bayan gilashi. Ba ruwansa da manaja, balle masu hannun jari da ke Legas. A wurinsa kashiya shi ne banki.

To, shi kuwa kashiyan yaya zamansa yake? A yini ɗaya yakan ƙirga abin da ya ninka albashinsa na shekara. Idan aka tashi lissafi da yamma aka ga giɓi, shi ne zai cike. Da yawa daga cikinsu ma ba ma'aikatan bankin ba ne na dindindin. Wani kamfani ne ya ɗauke su kwantiragi ya tura su can, suna sanye da kayan gidan amma ba 'yan gida ba ne. Ƙarin girma sai wanda ya yi sa'a.

Tarihi ma bai ba shi kwanciyar hankali ba. A watan Janairun 1998 an soke lasisin bankuna 26 a tashi ɗaya. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake bukata zuwa naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Duk lokacin da bankuna suka haɗe, ƙananan ma'aikata ne ke fara jin jiki. Daga baya na'urar cirar kuɗi ta yaɗu, sai tura kuɗi ta waya, sai kuma masu POS da suka cika bakin kasuwa da tasha. Aikin da dā sai an shiga layi a banki, yau yaro ne ke yin sa ƙarƙashin lema. Mutanen Kafanchan sun san irin wannan labari: garin ya bunƙasa ne da mahaɗar layin dogo tun wajen 1927, kuma sun ga yadda sana'ar da ta ciyar da gidaje ta dusashe.

Wani zai ce, tun da haka ne, ai ba laifin kashiya ba ne idan ya ɗan taɓa. Wanda aka tauye ne ya rama. A nawa ganin wannan hujja ba ta tsayawa, domin kuɗin da ke hannunsa ba na wanda ya tauye shi ba ne. Na manomin nan ne, da malamar firamare, da gwauruwar da ke jiran fanshon mijinta. Wanda ya rama a kansu ya bar jaki yana dukan taiki. Ƙarancin albashi yana bayyana dalilin faɗuwar mutum, amma ba ya wanke shi.

Sai dai amanar kashiya ta wuce ƙirgen kuɗi, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi. A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Kashiya ya san wanda cittarsa ta yi kuɗi, ya san wanda ɗansa ke aiko masa daga Abuja, ya san mai babbar riga da asusunsa ya bushe. A yankin da ya sha fama da masu garkuwa da mutane, kalma ɗaya da ta suɓuce a wurin hira tana iya zama sanadin ran mutum. Ba a rubuta wannan a takardar albashi, babu kuma kyamarar da ke gadin harshe. Haka nan a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, jarrabawar da ta zo masa ba ta sata ba ce kawai. Ga kawu ya leƙo ta taga, ga abokin coci ko na masallaci yana kiran waya, ga tsohuwa tun asuba a layi ba ta san kowa ba. Zumunci abin yabo ne a al'adarmu, amma a ranar nan shi ne ya zama ƙofar zalunci.

Saboda haka tambayar ta juya ta fuskanci masu bankin. In har sun yarda cewa wannan riƙon sirri da adalci su ne ainihin abin da suke sayarwa, to da wane ido suke kallon mai riƙe su a matsayin wanda za a sauya kowane lokaci? Wanda ya karɓi amana daga ma'aikaci alhali ya hana shi tabbas, ya ci bashin da bai yi niyyar biya ba. Ba na zargin na'ura. Ba ita ke rubuta takardar sallama ba.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki ya kamata ya shige shi ido buɗe. Kujerun kanta suna raguwa, hanyar gaba kuma ta karkata zuwa sashen bashi, da binciken lissafi, da kula da wakilan banki na ƙauyuka, da bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Kanta makaranta ce ta shekaru kaɗan. A can Fadan Kagoma kuwa, kuɗin manomi da sirrinsa sun fara komawa hannun mai POS, wanda ba shi da manaja a kansa, kuma gidansu yana bayan gidan manomin.