Alheri da Bashi: Wani Tsokaci Daga Sabon Ibadan

Hausawa kan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sukan kuma ce alheri gadon barci ne. Idan muka yi wa waɗannan karin magana biyu duban tsanaki, za mu ga cewa dukansu suna kwaɗaitar da mai bayarwa ne da abin da zai dawo masa. To, amma da aka fassara Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima har aka buga shi cikakke a 1932, wannan kalma ta alheri ce ta zama sunan baiwar Allah wadda ɗan Adam bai cancanta ba, bai kuma iya biya. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu: kyautar da ake sa ran za ta haihu, da kyautar da ba ta jiran komai. Tambayarmu ita ce, wanne daga ciki ya dace ya zama ma'aunin hannun mai bayarwa?

Unguwar Sabo da ke Ibadan, birnin da fatake ke kira Badun, wuri ne da ya dace a auna wannan magana. An keɓe wa Hausawa ita a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Kudu da Kano, shanu na gangarowa, goro na haurawa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa maigida ne ginshiƙin wannan ciniki. Shi ke saukar da baƙon falke, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa lamuni idan mahauta Yarbawa sun ɗauki shanu bashi. Ba takarda, ba sa hannu, sai amana. Hatta masu bara suna da tsari da shugabanni, kamar Sarkin Makafi, kuma sadakar unguwa ce ke riƙe da su.

Babu mai musun cewa wannan alheri ne. Sai dai alheri ne mai igiya. Maigida yana da la'adarsa, yaran gida suna biyansa da biyayya, baƙon da aka karrama bana ana sa ran ba zai sauka wani gida baɗi ba. Wannan ba aibu ba ne, domin da haka kasuwa ke tafiya. Aibun yakan shigo ne ranar da wanda aka yi wa alheri ya so ya tsaya da ƙafarsa, ko ya faɗi gaskiyar da ba ta yi wa maigida daɗi ba. A ranar ne gori ke fitowa, a lissafa masa tuwon da ya ci da tabarmar da ya kwanta. Daga nan sai ya gane ashe bashi ya ci bai sani ba.

A nan ne koyarwar Kirista ta juya lissafin. A wurinta, Allah ne ya fara bayarwa, tun mutum bai roƙa ba, ta hanyar Yesu Almasihu, kuma ceto kyauta ne da ake karɓa ta bangaskiya, ba ladan aiki ba. Wani misali a babi na 18 na Bisharar Matiyu zai shiga kunnen duk wanda ya san cinikin bashi. Sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000, abin da ba zai biyu ba ko da ya shekara dubu yana ƙwadago. Bawan na fita sai ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Laifinsa bai tsaya ga rowa ba. Mantuwa ce ta kashe shi, ya manta cewa shi kansa yafaffe ne. Wanda ya riƙe wannan a zuciya ba shi da bakin gori, domin abin da ke hannunsa ajiya ce. Shi ya sa Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, ya kafa misali da ikilisiyoyin Makidoniya, matalauta da suka matsa a karɓi gudunmawarsu don mabukatan Urushalima. Haka kuma aka fifita anini biyu na gwauruwa a kan tarin baikon mawadata.

Wannan fahimta ta shafi tambayar ko wane ne mutum. A farkon shekarun 1950 mafi yawan mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, har zama Bahaushe da zama Musulmi suka kusa zama abu ɗaya a idon kowa. Bahaushe Kirista, jikan Isawa ko ɗan Maguzawa ko haifaffen Wusasa, idan ya sauka Kudu yakan zama baƙo sau biyu: Bayarabe ya ji harshensa ya ɗauke shi Musulmi, ɗan'uwansa ya ji sunansa ya yi shakkar asalinsa. Idan darajarsa ta rataya ga yardar jama'a, kullum yana cikin neman shaida. Idan kuwa ta rataya ga alherin da ya riga ya karɓa, ya huta da wannan wahala, ƙarfinsa ya koma ga hidima. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi karatu a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983, amma bayan duk wannan ya koma duba marasa lafiya a Samaru, ba ya tambayar addinin mai ciwo.

Mai suka zai iya cewa, idan ba a jiran sakamako, me zai hana hannu ya sanƙare? Ai tsammanin lada ne ke fitar da kwabo daga aljihu. Maganar tana da ƙarfi, kuma mun ga masu fakewa da alherin Allah suna barin aiki, kamar yadda muka ga masu wa'azin da suka mai da baiko jari, a zuba ɗaya a kwashi goma. Dukansu sun ɓata. Na farko ya karɓa bai gode ba, na biyu ya mai da Ubangiji abokin ciniki. Godiya ta gaskiya ba ta zama wuri ɗaya, kamar yadda rijiyar da ta cika ba ta iya riƙe ruwanta.

Musulmin da ke karanta wannan ba zai ji baƙon abu ba. Suratul Baƙara ta yi kashedi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma sanannen hadisi ya nuna cewa aiki kaɗai ba ya shigar da kowa Aljanna sai da rahamar Allah. Addinan biyu sun saɓa a kan hanyar tsira, saɓani na gaske wanda bai kamata a rufe shi da ganye ba, amma sun haɗu a kan cewa mai bayarwa shi ma mai karɓa ne.

Daga ƙarshe, kowane gida a Sabo, idan aka bi salsalarsa, za a tarar da wani baƙo da ya iso da 'yar jakarsa aka shimfiɗa masa tabarma. Gwajinmu, Kirista da Musulmi, yana zuwa ne ranar da wanda muka taimaka ya wuce mu bai gaishe mu ba. Idan hannunmu ya sake buɗewa gobe, alheri muka yi. Idan kuwa muka fara ƙirga, to, bashi muka bayar.