Da Rasit Ko Babu?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa yi wa ɗan kasuwa tafinta a Xiaobei ko Sanyuanli ya san tambayar masu shago: da fapiao ko babu? Fapiao shi ne rasit na hukuma da ke shaida wa ofishin haraji an yi ciniki. In ka haƙura da shi akan yi maka ragi, domin harajin VAT na yawancin kaya a nan kashi 13 ne cikin ɗari.

Wani Alhaji daga Kantin Kwari ya ce mini, "Ɗana, tsakaninsa da gwamnatinsa ne, ina ruwana?" Na yi shiru don girmansa, amma ban gamsu ba. Ragin nan daga harajin aka yanko shi, ke nan da mu aka raba.

Kuma kuɗin ba nasa ne shi kaɗai ba, har da jarin wasu marayu a ciki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Da na tambayi Alhaji ina littafin da magada za su duba in ta Allah ta kasance, sai ya yi dariya ya nuna kansa.